Shigar caja rami ba ita ce dacewa ba

"In dai ta shiga, ta yi." Da wannan magana ake sayar wa mutane cajar rauta, wato na'urar raba intanet, a shagunan kayan waya, kuma ni ban yarda da ita ba. Baki iri ɗaya yana iya fitar da 9V ko 12V, har da 19V irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka. Duk za su shiga ramin, amma ɗaya ce taka.

Kafin ka fita kasuwa, kifa rautar ka duba 'yar takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Za ka ga an rubuta wani abu kamar 12V 1A. Lambar V ba a yi mata ciniki. In ta zarce, na'urar na iya ƙonewa nan take. In ta gaza, fitilu su kama amma aiki ya ƙi. Lambar A kuwa, a nan ne mutane suke tsoron abin da ba abin tsoro ba. Cajar 2A ba za ta cutar da rauta mai neman 1A ba, domin na'ura iyakar buƙatarta take ja, kamar yadda girman randa ba ya sa mutum shan abin da ya wuce ƙishinsa. Ƙaramar ce matsala.

Wani tela maƙwabcina ya daɗe yana zagin kamfanin layinsa, wai sabis ya lalace. Da yamma, yara sun dawo kowa ya hau waya, sai rautar ta mutu ta sake tashi da kanta. Da na taɓa cajar, zafi rau, ga ta ba nauyi a hannu, an rubuta 0.5A a jikinta alhali na'urar 1.5A take so. Ya sayi daidai, zagi ya ƙare.

Akwai wani ɗan zane kuma mai alamar + da −. Yawancin rautoci + ɗin a tsakiyar baki yake. Ka tabbatar zanen caja da na rauta sun yi daidai, kuma DC ce take fitarwa, don wasu tsofaffin na'urori AC suke ci. Bakin ma yana da yaudara: faɗinsa milimita 5.5, amma ramin ciki wani 2.1 ne, wani 2.5. In yana rawa, ana taɓa teburi intanet zai ɗauke.

Masu son kayan gwanjo daga Amurka su lura. Wutar can 120V ce, tamu 230V. Cajar can da ba a rubuta mata 100–240V ba, ana jona ta sai ƙauri.

Shawarata, ka sa rautar da matacciyar cajar a leda ka tafi da su. Ka ce wa mai shago, "Malam, a jona mu gani," ka haɗa wayarka, ka kunna bidiyo, ka ɗan jira. In ya fara cewa ai duk ɗaya ne, akwai shago a gaba.