Kiɗan Kotso a Kunnen da Aka Yi wa Dashe



Mutanen ƙasar Zurmi ba su manta da annobar sanƙarau da ta ɓulla a can cikin Disamba na 2016 ba, wadda ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina, ta ɗauki rayuka fiye da 1,000. Amma abin da ba a cika ambata ba shi ne, a wasu lokuta wannan cuta takan bar wanda Allah Ya yi wa sauran kwana da kurumta, ya tashi daga jinya ba ya jin kiran mahaifiya balle kiran salla, domin ta lalata gurbin ji na can cikin kunne, wanda ke nannaɗe kamar katantanwa.

Irin waɗannan ake yi wa dashen na'urar ji, hikimar da Farfesa Graeme Clark ya jarraba a Ostareliya a 1978. Likita yakan zura siririyar waya cikin gurbin, mai wuraren taɓawa 12 zuwa 22, waɗanda ke zungurar jijiyar ji da lantarki, alhali kuwa Mahalicci dubban ƙwayoyin gashi Ya jera a wurin. Wannan adadi ya isa a fahimci magana, alhamdu lillahi, amma kiɗa yana neman fiye da haka.

A ɗauki kotso, irin wanda Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa sarakuna waƙa da shi. Mai dashe yana jin kowane bugu a kan ƙa'idarsa, kusan daidai da kowa, har ya gyaɗa kai ya taka. Sai dai idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, amon ya hau, ya sassauta ya sauka, har gangar ta furta kirari, to, a nan na'urar ke gazawa, domin hawa da saukar amo ne mafi wuya a gare ta. Goge da sarewa da algaita sun fi wahala, har sukan cakuɗe masa ya kasa bambance wannan da wancan, musamman in an haɗa su lokaci guda.

Duk da haka ban yarda a ce an rufe masa ƙofar nishaɗi ba. Wanda aka zaunar gaban makaɗi ɗaya, yana kallon yatsunsa, yana sauraron waƙar da ya haddace kafin lalurar, sannu a hankali ƙwaƙwalwarsa takan cike giɓin. Yaron da aka yi wa dashe da wuri kuwa yakan so kiɗa ƙwarai, tunda ba shi da wani tsohon amo da zai yi begensa.

Sai dai aikin na miliyoyin naira ne, kuma bayan sanƙarau gurbin yakan fara cikewa da ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni, har waya ta kasa shiga. Saboda haka duk yaron da ya warke, a kai shi gwajin ji tun bai daɗe da barin gadon asibiti ba.