Harafi Ake Ƙirgawa, Ba Bayit Ba

Duk ɗalibin da ya fara koyon tsara manhajar kwamfuta ya san ƙa'idar baka biyu: wadda aka buɗe dole a rufe ta, in ba haka ba aiki ya tsaya cik. Don haka ne manhajojin rubutu suke taimaka wa marubuci wajen nemo abokiyar kowace baka. A manhajar Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, da an danna alamar % sai ta kai mutum can.

To, amma ina matsalar take? Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 ya tanadi alamomi 128 kacal, kowace tana shiga cikin bayit guda. Da aka ƙirƙiro UTF-8 a 1992, sai harafi ɗaya ya iya cin bayit ɗaya zuwa huɗu. Alamomin zance « da », waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar suka saba da su, kowace bayit biyu ce, kuma bayit ɗin farko iri ɗaya ne. Manhajar da ke duban bayit guda ba za ta bambance mabuɗi da marufi ba. Sai a 2013 aka gyara Vim ta karɓi irin waɗannan alamomi a matsayin abokan juna.

Ɗaliban ilmin halittu ba za su yi mamaki ba. Ƙwayar halitta tana karanta saƙon gado ne uku-uku. In aka zare harafi ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya rikice. Haka rubutu yake in aka yanke harafi gida biyu.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk bayit bibbiyu ne. Da yawa daga cikinmu sukan yar da lanƙwasa don gudun fitina, har baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. A ganina wannan kuskure ne. Ba harshe ne zai rusuna wa na'ura ba.

Shawarata ga malamai ita ce, kafin a amince da kowace manhajar rubutu a makaranta, a jarraba ta da kalmar «ƙwaƙwalwa». In ta ƙirga harafi tara, madalla. In ta ce sha ɗaya, bayit take ƙirgawa, sai a gyara saitinta ko a nemi wata.