Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A zaure ko a bakin kasuwa, in hira ta yi tsawo har ta kai kan mata, ba a rasa wanda zai gyara murya ya ce ai duk duniya babu mai jin daɗi kamar macen Bahaushe. Ya ce namiji ke fita tun assalatu, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ya nemo hatsi da cefane da tufa, ita kuwa tana zaune a inuwa sai an kawo ta dafa. Daga nan ya yanke hukunci, ya ce tsarin nan da aka gada, wanda ya sa kome a hannun namiji, mace ce ta fi cin ribarsa, don haka duk mai son a taɓa shi maƙiyinta ne. Maganar tana da daɗin ji, tun ba ga mai faɗinta ba. Amma tun da ya ke rayuwar rabin jama'a a ke magana a kai, ya kamata a ɗora ta bisa ma'auni.

Da fari sai a ba mai maganar gaskiyarsa. Shari'a ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da wurin kwana na matarsa, ko da ta fi shi dukiya, kuma akwai maza da yawa masu sauke wannan nauyi da kyakkyawar zuciya. Kulle ma ba kullum dole a ke yi wa mata ba. A zamanin bauta, bayi mata su ne ke noma da itace, 'ya'ya kuwa suna cikin gida. Turawa sun yi doka cewa duk wanda aka haifa daga ran 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta ɗungum a Arewa. Wani masani, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna cewa da bauta ta gushe mata da yawa sun ajiye fartanya sun shige gida, don a san su ma 'ya'ya ne. Wadda ta san zafin huɗa a tsakar rana ba za a ce ba ta sami sauƙi ba.

To, amma in za a auna kowane irin jin daɗi, tambaya guda a ke yi: a hannun wa ya ke? Wanda ya ari zane ya tafi biki, ya yi kyau a idon mutane, amma mai zane na iya aiko yaro ya karɓa ko ana tsakiyar kiɗa. Inuwar da a ke yi wa mace gori da ita irin wannan ce. Tana nan muddin miji na da rai, yana da hali, yana kuma so. Akwai ranakun da mai abu kan karɓi abinsa, a nan ne kuwa a ke gane ko ribar ta wane ne.

Akwai ranar saki. Kalma guda ko 'yar takarda ta isa ta rushe zaman shekara ashirin. Shari'a ta ce wadda aka yi wa sakin kome ta yi iddarta a ɗakinta, miji na ci da ita. Al'ada kuwa ta ce ta kwashe kwanukanta a ranar ta koma gidan ubanta, in uban na da rai. A mazhabar Malikiyya, wadda a ke bi a ƙasar Hausa, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta har ya balaga, da 'yarta har ta tare a gidan miji, matuƙar uwar ba ta auri bare ba. Al'ada kuwa ta ce da an yaye yaro sai a miƙa shi gidan uba, kishiya ta riƙe. Sai ga matar da aka ce sarauniya ce a gidanta ta fita ba ɗaki, ba ɗa, ba sisin kwabo, sai abin da ta ƙulle a bakin zane. Sarautar da a ke tuɓewa da kalma guda, ba majalisa ba shawara, wace irin sarauta ce?

Akwai ranar mutuwa. In mutum ya rasu ya bar 'ya'ya, matarsa tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, in kuwa mata huɗu ne su raba wannan tumunin a tsakaninsu. A ce ya bar dukiya ta Naira 800,000: tumuni ya kama 100,000, kowace ta tashi da 25,000. Wannan hakkinta ne, amma ba a yanka shi don ya riƙe ta har tsufa ba, domin shari'a ta riga ta bar mata sadakinta, da abin da ta nema da hannunta, da gadonta na gidan ubanta, inda ta ke da rabin rabon ɗan'uwanta namiji. To, a nan ne al'ada kan sa hannu. A ƙauyuka da yawa in an zo rabon gona sai 'yan'uwa maza su ce ai mace ba ta noma, su riƙe mata. Riƙon nan kuwa ba ya ƙarewa, har jikoki su tashi ba wanda ya san tana da ko taki ɗaya a wurin. In ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, sai ta duba gabas ta duba yamma ta ga duk abin da aka ce nata ne yana hannun wani.

Akwai kuma ranar ciwo, ita ce mafi tsanani. Mace na naƙuda kwana biyu, abu ya ƙi, mai gida ya yi tafiya, duk gidan ba mai ƙarfin halin fita da ita ba da izninsa ba. Doguwar naƙuda ita ce babban dalilin ciwon yoyon fitsari, domin kan jariri ya daɗe yana danne naman uwa har wurin ya mutu ya huje. Yarinyar da aka aurar tun ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga wannan hatsari. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya yi shekaru yana ɗinke irin waɗannan mata, da yawansu kuwa mazan da aka ce su ne garkuwarsu sun sake su saboda zarni. Ikon da aka ba mutum don ya tsare rai, in ya zama shi ne ya hana a ceci ran, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sa'an nan batun wai tana zaune ba ta aikin kome, wannan kam sai wanda bai taɓa wuni a cikin gida ba. Tun kafin mai gida ya dawo daga masallaci an hura wuta, an dama koko. Ga surfe, ga daka, ga wanki, ga raino, ga jinyar tsofaffi. Bayan wannan duka ga sana'a: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fura, daddawa, ɗinkin hula, kitso. Wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, a 1969 kuma ta rubuta yadda matan kulle ke saye da sayar da hatsi daga cikin ɗakunansu, kasuwa sosai wadda ido ba ya gani. Da kuɗin nan a ke zubin adashi, a yi biki, a tara wa 'ya kayan ɗaki, a kuma rufa wa mai gida asiri ran da aljihunsa ya bushe. Amma da ya ke uwa ba ta fita, ƙafarta ita ce 'yarta. Yarinya ta ɗauki talla tun safe, sa'anninta suna aji. Watau kuɗin inuwar uwa 'ya ce ke biya da karatunta, ita ma ta girma ta shiga aro.

In an kawo wannan, wasu su kan fake da addini. Sai a tuna musu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta kuma kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, ta sa musu malfa, suna tafe daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koya wa 'yan'uwansu mata. Ba wanda ya ce ta zubar da mutuncin gidansu. Duk abin da ya tsaya wa mace da ƙafafunsa, ilmi ne, ko gado, ko sadaki, ko riƙon ɗa, hakki ne rubutacce. Abin da ke zamewa ran da ta fi bukatarsa kuwa, shi ne wanda aka bar wa alherin wani.

Ko a sha'anin mulki an taɓa yin wannan gardama. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa ba su jefa ba, aka ce ai an hutar da su ne, mazansu sun wakilce su. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a kan gwagwarmayar da ta ƙunshi wannan hakki. Ba a ba matan Arewa ƙuri'a ba sai a 1976, tsarin mulki na 1979 kuma ya tabbatar musu. Da aka buɗe ƙofa sai ga su sahu sahu a rumfunan zaɓe. Ashe hutun nan ba su ne suka roƙa ba.

Mai karatun da ya koyi baƙi da girmansa ya fi kowa sanin wannan al'amari. A da in wasiƙa ta zo masa sai ya zaga gari neman mai karantawa. Mai karantawar mutumin kirki ne, ba ya karɓar ko anini, amma ran da ya yi tafiya wasiƙa ta kwana a aljihu, ran da ya karanta kuwa asirin gida ya fita. Ba wanda ya fita daga wannan hali sa'an nan ya ce da ma ya koma. To, abin da mutum ya ƙi wa kansa bai kamata ya kira shi gata ga matarsa ba. Wanda ke son mace ta ci riba ta gaskiya, ya bar ta ta shiga aji, ya sauke wa 'yarsa farantin talla a lokacin makaranta, ya auna wa 'yar'uwarsa gonarta a gaban shaidu a rubuta, ya kuma faɗa wa mutanen gidansa tun yau cewa in ciwo ya zo a tafi asibiti kada a jira shi. In ya yi haka, ran da ƙasa ta rufe idonsa iyalinsa za su tashi da zanen kansu.