FILIN WASANNI: Ƙashin Kwatangwalo Da Ciwon Matsematsi

Kowane mai koyar da 'yan ƙwallo ya san irin ɗan wasan da kan fita daga fili yana ɗingishi, hannunsa a matsematsi, alhali kuwa babu wanda ya taɗe shi. A zamanin yau da wuya a yi kwana biyu ba a ɗauki hoton ƙashinsa ba, kuma sau da yawa hoton nan kan nuna abin da zai tayar masa da hankali.

Shi dai kan ƙashin cinya a mulmule yake, yana juyawa cikin wani gurbi na kwatangwalo kamar taɓarya a turmi. To, a jikin wasu mutane akan sami tudun ƙashi a daidai inda kan ya haɗu da wuyansa, wanda likitoci ke kira "kam". Idan aka ɗaga cinya sama aka karkata ta ciki, kamar yadda mai buga ƙwallo ke yi, sai tudun ya riƙa gogar bakin gurbin, har ya iya cin guringuntsin da ke wurin. Farfesa Reinhold Ganz da abokan aikinsa na birnin Bern a ƙasar Suwizalan su ne suka bayyana wannan al'amari sosai a shekarar 2003.

Abin mamaki shi ne, ba a haihuwar mutum da tudun nan. Binciken da Rintje Agricola ya yi a kan yaran ƙungiyar Feyenoord ta Holan, wanda aka buga a 2012 da 2014, ya nuna tudun yana tasowa ne lokacin da yaro ke tashen balaga, watau tun ƙashinsa bai gama ƙosawa ba. Da zarar girma ya tsaya, siffar ƙashin ba ta cika sākewa ba. Ashe dai ƙwallon ce da kanta ke sassaƙa ƙashin, musamman ga yaron da aka ɗora wa horo mai tsanani tun yana ƙarami. Wannan magana ce da ta kamata masu makarantun koyon ƙwallo su riƙe.

Amma fa a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Fiye da rabin manyan 'yan ƙwallo maza suna da tudun nan, kuma akasarinsu suna wasansu lafiya lau. Har ila yau, sa'ad da masana na asibitin Aspetar suka bi diddigin 'yan wasan gasar ƙasar Katar, sakamakon da suka fitar a 2018 bai nuna cewa siffar ƙashin ce ke haddasa raunin matsematsi ba. Mafi yawan ciwon daga tsokar cikin cinya yake fitowa, wadda ke jawo ƙafa ciki lokacin bugu da saurin juyawa. Saboda haka ne taron masana da aka yi a Warwick ta Ingila a 2016 ya yanke cewa ba za a ce mutum yana da cutar gogar ƙashi ba sai abu uku sun haɗu: ciwon da yake ji, da abin da likita ya gano da ya gwada gaɓar, sa'an nan hoto. Ƙungiyar da ta fasa sayen ɗan wasa, ko likitan da ya gaggauta fiɗa saboda hoto kaɗai, sun yi gaggawa.

Duk da haka ba a cewa tudun ba kome ba ne, domin idan ya yi girma yana ƙara haɗarin ciwon gaɓar kwatangwalo a gaba. Ita kuwa tsokar cikin cinya tana da rigakafi mai araha. A ƙasar Norwe an gwada wani motsa jiki da ake kira na Kofanhegan, inda ɗan wasa ke kwanciya ta gefe, abokinsa ya riƙe masa ƙafar sama, shi kuma ya ɗaga jikinsa. Rahoton 2019 ya nuna matsalar matsematsi ta ragu da kashi 41 cikin ɗari ga waɗanda suka lazimce shi.