Martani: Daura Ta Samu Gine-gine, Ina Talaka Zai Kwana?

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce Daura ta samu rabonta, wai masu kukan tsadar haya butulu ne. Wannan magana ba ta yi ba.

Gaskiya ne, a zamanin Buhari Daura ta samu Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da asibitin sojin sama, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. To, ma'aikata da ɗaliban da suka biyo baya fa? Cikin gari suka shigo neman haya, kuɗin ɗaki ya tashi. Dillalai suka yanyanka gonakin bakin gari, ba lambatu, ba ruwa. Magidancin da aka haifa kusa da rijiyar Kusugu, yau fili ya gagare shi.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa wa gwamna amanar filayen birane. Don haka ya kamata gwamnatin Katsina ta fitar da fulotai masu tsari, a farashin da malamin firamare zai iya biya, masarauta kuma ta sa ido kan rabon. Mai neman haka haƙƙinsa yake nema, Malam, ba butulci yake yi ba.