Ni Da Tsohuwar Fijo

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi mini afuwa, wata magana ce ta tsaya mini a rai.

Kwanan baya a wajen wani ɗaurin aure, wani abokina marubuci ya dubi motata ya ce, "Malam, kuɗin da ka narka a wannan akwalar, ai da tuni ka hau 'yar Kwatano." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban yarda da shi ba.

Motar dai Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, daga baya kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya riƙa haɗa ta. Na saye ta tana zaune a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Shekara uku ke nan kusan duk Asabar ina kanta, wani lokacin ni kaɗai, wani lokacin tare da wani dattijon bakanike da nake kira Baba.

Ranar farko fenti na so mu fara yi. Baba ya ce, "Yaro, amaryar da ba ta da lafiya ba a fara mata da lalle." Birki muka fara, sai shokozoba, sai lagireto. Kafireto kuwa sau huɗu ina kwance shi ina mayarwa kafin na gane ƙofofin da mai ke bi da waɗanda iska ke bi. Daga baya na yi ta sintiri a Ƙofar Ruwa har na samu giyabos na 505 mai giya biyar, muka cire mai huɗun. Amfaninsa a doguwar hanya yake: injin ya daina kuka, shan mai ya ragu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fenti shi ne ya zo ƙarshe, ruwan madara.

To me na samu? Na farko, yanzu ba mai yi mini rufa-ido. Can baya an taɓa karɓar mini kuɗin sabon famfon mai, ashe tsohon aka wanke aka mayar. Yau daga ƙarar injin nake gane inda ciwon yake. Na biyu, mu marubuta kullum muna cika littafi da Alhaji ya fito daga tsaleliyar motarsa, alhali da yawanmu ko taya ba mu iya canzawa. Kuma abin mamaki, duk sanda labari ya cije mini, a ƙarƙashin motar nan yake warwarewa, hannuna dumu-dumu da baƙin mai.

Ba na musun tana cin kuɗi. Uwargida ma ta raɗa mata suna Kishiya, kuma akwai watan da ta fi ni gaskiya, don na sayo fitilu ga kuɗin makarantar yara na jira. Tun daga nan na yi wa kaina doka, sai abin da ya ragu.

Inda na raba gari da wasu samarinmu shi ne su fasa salansa don ƙara, su dasa fitila mai kashe idon na gaba da dare, su cika but da sifiku, alhali taya ta suɗe kamar tafin hannu. Wannan ba son mota ba ne, wasa da ran jama'a ne.

Shi kuwa abokin nawa, motarsa ta mutu mana a Kwanar Ɗangora muna dawowa daga Zariya, muka bar ta a can don komai nata sai an sa kwamfuta. Washegari da Kishiya muka je muka jawo ta.