Zari-ruga na 'yan bakwai: an rage kujeru, Afirka ta koma bakin ƙofa

Idan mutum ya shiga Kwargaba ko Wurno da yamma ya tambayi samari labarin ƙwallon ƙafa, za su lissafa masa 'yan wasan Arsenal da na Real Madrid tun daga mai tsaron gida har na gaba. In kuwa ya ce su ba shi labarin zari-ruga, sai dai a dubi juna a yi dariya. Ba laifinsu ba ne, wasa ne da bai taɓa sauka a wannan yanki ba. Duk da haka abin da ya faru a gasar duniya ta zari-ruga na 'yan bakwai a kakar 2024 zuwa 2025 ya isa a tsaya a duba, domin labari ne na yadda masu kuɗi ke zama su yanke wa marasa kuɗi hukunci, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga manomin albasa na fadamar Rima, wanda ba shi ke yanka wa buhunsa farashi ba.

Bari mu fara da wasan kansa, saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Ƙwallon doguwa ce kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga. Ba a jefa wa ɗan'uwa ita gaba, sai baya ko gefe. Wanda ya riƙe ta kuwa an halatta a cafke shi a kayar, muddin ba a kama shi a wuya ba. Duk wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dire ta a ƙasa ya ci maki 5, sa'an nan a ba su damar bugun da zai ƙara musu 2. Babban wasan mutum 15 ne a kowane gefe, minti 80. Na 'yan bakwai kuwa mutum 7 ne, minti 7 a juya, a sake yin 7, amma filin bai ragu ko da taki ɗaya ba. Saboda haka babu wurin ɓuya ga rago. Wanda ya san langa da kokawa, ya haɗa su da tsere, ya kusa gane abin da ake yi.

Asalinsa ma rashin kuɗi ne. A 1883 wata ƙungiya a garin Melrose na ƙasar Sikotilan ta shiga matsi, sai wani mahauci mai suna Ned Haig ya ba da shawara a rage 'yan wasa, a gajarta lokaci, a tara ƙungiyoyi da yawa su kara a yini ɗaya, 'yan kallo su biya kuɗin ƙofa. Dabarar mahauci ta yi aiki. A 1976 aka soma gasar Hong Kong, a 1999 hukumar wasan ta duniya ta haɗa irin waɗannan bukukuwa suka zama kaka guda, inda ƙasashe ke bi birni-birni suna tara maki, a 2016 kuma wasan ya shiga Olamfik.

A kakar 2024 zuwa 2025 ƙasashe 12 ne na maza da 12 na mata suka yi wannan zagaye. An soma a Dubai, Fiji ta ci a ɓangaren maza. Aka sauko Cape Town, Afirka ta Kudu ta ci a gida. Daga nan Ajantina ta kwashe uku a jere, Perth da Vancouver da Hong Kong, ta kuma gama a kan gaba wajen yawan maki. A watan Mayu 2025 aka yi taron rufewa a Los Angeles ta Amurka, inda Afirka ta Kudu ta doke Sifen ta ɗauki kofin. A ɓangaren mata New Zealand ce ta haɗa duka biyun.

Amma inda hankalinmu ya fi karkata shi ne Singafo, a watan Afrilu 2025. A can ne Kenya, wadda ake wa kirari da Shujaa, ta kai wasan ƙarshe, Fiji ta doke ta da 21 da 12. Ga wanda ya san tarihin, filin nan yana da daɗaɗɗen ƙamshi ga mutanen Kenya, gama a Singafo ne a 2016, ƙarƙashin marigayi Benjamin Ayimba, suka casa Fiji da 30 da 7 suka ɗauki kofinsu na farko a gasar. Bayan haka sun sha wuya. A 2018 a Faris 'yan wasan suka liƙe sunan mai ɗaukar nauyinsu da ke jikin riga, saboda ba a biya su haƙƙinsu ba. A 2022 sai da suka fito fili suna neman taimakon jama'a don albashi ya maƙale. A 2023, shekarar da aka rage ƙasashen maza daga 16 zuwa 12, Kanada ta doke su a Landan suka faɗo daga gasar. Suka yi shekara guda a ƙasa, suka yi ta fama, suka komo a 2024 ta hanyar wasan neman gurbi a Madrid.

To, ana cikin murnar Singafo, kwanaki kaɗan kafin a taru a Los Angeles, sai hukumar World Rugby ta ba da sanarwa cewa daga kaka mai zuwa ƙasashe 8 kaɗai za su zauna a rukunin farko. Kenya ta gama ta 9. Ma'ana, ƙasashen da suka yi shiri suka tafi Amurka da niyyar kare kujerunsu, sai suka tarar an ɗauke kujerun tun kafin su iso, abin da ya rage kawai shi ne neman wuri a rukuni na biyu. Kenya ta sami wannan wurin. Afirka duka, mai ƙasashe fiye da 50, ta tashi da wakili ɗaya tak a rukunin farko na maza, wato Afirka ta Kudu, a na mata kuwa babu ko ɗaya.

Ya kamata a yi wa hukumar adalci. Hujjarta ita ce kuɗi. Kwasar ƙungiyoyi 24 a jirgin sama daga Dubai zuwa Ostareliya zuwa Kanada, da masauki da abinci da hayar manyan filaye, ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma ba kowane birni ne ke cika fili kamar Hong Kong ba. Masu arziki ma sun ji jiki: a watan Mayun nan na 2025 hukumar wasan ta ƙasar Ailan ta rushe ƙungiyarta ta maza 'yan bakwai ɗungum, ta ce ba za ta iya ci gaba da ɗauka ba. Haka kuma sabon tsarin bai toshe ƙofa gaba ɗaya ba. An yi rukuni uku, an kuma ce ƙasashe 4 da suka fi ƙwazo a rukuni na biyu za su haɗu da manyan 8 a wasannin ƙarshen kaka.

Sai dai akwai abin da wannan lissafi bai auna ba. Ƙaramar ƙasa ba ta koyon kayar da babba sai tana haɗuwa da ita a kai a kai. Kenya ta yi shekaru fiye da goma tana shan kaye a hannun Fiji da New Zealand kafin ranar 2016 ta zo. Idan aka ce sai ƙarshen kaka za su ga juna, an rage mata makaranta ke nan. Na biyu, kamfanin da zai sa kuɗinsa a rigar ƙungiya yana so ne a ga rigar a talabijin a Hong Kong da Dubai. In an fitar da ƙungiyar daga can, shi ma sai ya naɗe tabarmarsa, ɗan wasa ya koma neman na abinci. Na uku kuma shi ne lokacin sanarwar. Ko a dandalin kokawa na ƙauye, ba a sauya ƙa'ida bayan 'yan kokawa sun riga sun ɗaura warki.

Abin takaicin shi ne, wannan wasa ne da ya saba ɗaga ƙanana. Samoa, mai mutane kimanin 200,000, ta ci gasar duka a kakar 2009 zuwa 2010. Fiji, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ba ta taɓa samun lambar Olamfik ko ta tagulla ba sai a Rio a 2016, inda ta doke Birtaniya da 43 da 7 ta ɗauki zinariya, ta sake ɗauka a Tokyo a 2021. Gwamnatinsu har takardar kuɗi ta dala 7 ta buga don tunawa. Yawancin 'yan wasan nan yaran ƙauye ne da suka taso suna guje-guje ba takalmi, kuma waɗanda suka kalli wasan ƙarshe na Rio ba za su manta ba yadda suka yi da'ira a tsakiyar fili suka rera waƙar yabo kafin su karɓi lambobinsu. A Faris a 2024 Faransa ta karɓe zinariyar daga hannunsu da 28 da 7, Afirka ta Kudu ta zo ta uku.

Ina Nijeriya a cikin duk wannan? Muna da ƙungiyar ƙasa, Black Stallions, amma ba ta taɓa zama cikin ƙasashen dindindin na gasar ba. Ba don babu gwanaye ba. Sa'ad da aka yi gasar cin kofin duniya ta 'yan bakwai ta farko a Edinburgh a 1993, Ingila ce ta ci, ta doke Ostareliya da 21 da 17. Kyaftin ɗinta Andrew Harriman a Legas aka haife shi, a cikin ƙungiyar kuma akwai Adedayo Adebayo, haifaffen Ibadan. A 2014 an ba Nijeriya gurbi a wasannin ƙasashe renon Ingila a Glasgow, daga baya aka janye, Barbados ta maye gurbin. A nan Arewa, Kano ce ta fi riƙe wasan, da ƙungiyar Barewa da ta yi shekaru tana horar da yara. Wasu ƙasashen Afirka kuwa ba su zauna ba: a wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris 2024, Uganda ta ci zinariya ta maza da ta mata, Burkina Faso kuma, duk da masifar tsaro da take ciki, ta koma gida da tagulla.

Wani zai ce wasan Turawa ne, ba zai kama a ƙasar Sakkwato ba. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Sardauna Ahmadu Bello a Rabah aka haife shi, 'yar tafiya kaɗan daga Kwargaba, kuma gwani ne a wasan fives, wanda asalinsa na 'ya'yan manya ne a makarantar Eton ta Ingila. Malamin makaranta ne ya kawo shi Arewa wajen shekarun 1920, aka gina bango, aka sami ƙwallon tanis, wasa ya zauna a Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato, har aka sanya kofi da sunan Sardauna. Abin da ya raya shi makaranta ce da malami da babban mutum mai sha'awa. A hayin iyaka kuma, Nijar ta ɗauki kokawar da muka sani tun kaka da kakanni ta mai da ita gasar ƙasa tun 1975 a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya fara zama zakara, jihohi suna karɓar baƙunci bi da bi. Jikin da ake nema a zari-ruga, wato ƙarfin kafaɗa da iya kama ƙugu da saurin ƙafa, shi ne wanda ake gani a dandali bayan kaka a ƙauyukan Wurno da Goronyo.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Kafin a yi zancen ƙwallo mai siffar ƙwai a gabashin Sakkwato, sai an yi zancen fili da wanda zai iya tsayawa a cikinsa. A watan Oktoba 2021 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40. Garin Gandi a ƙasar Rabah ya karɓi 'yan gudun hijira masu yawa daga ƙauyukan da aka tarwatsa. Inda manomi ke tsoron zuwa gonarsa, taron samari da yamma ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasar ma tana da nata sharaɗi: wasan da ake kayar da mutum ba a yin sa a kan fako da tsakuwa da rani, sai a fadama ko a yashin gulbi, ko kuwa a soma da irin wanda ake taɓa mutum kawai ba a kayar ba, wanda da shi ne ake koya wa yara maza da mata a ko'ina.

Kuɗin soma shi dai bai taka kara ya karya ba: yara 14, ƙwallo ɗaya, da malamin da ya san yadda ake kama mutum ba tare da an ji masa rauni a kai ko wuya ba. Wannan malamin shi ne abu mai wuyar samu, kuma aikin hukumar zari-ruga ta ƙasa ne da ma'aikatun wasanni na jihohi su horar da shi su tura makarantu. A sabon tsarin na 2025, ƙasa irin Nijeriya sai ta fara yin fice a gasar Afirka, inda Kenya da Uganda da Zimbabuwe da Madagaska ke jiranta, sa'an nan ta shiga rukuni na uku, wanda taro ɗaya ne tak a shekara na ƙasashe 8, ta tsallake zuwa na biyu, kafin ta ga fuskar Fiji.